Gawo, Gawayi da Kasuwar Iska: Lissafin Itatuwan Dalijan

Idan kaka ta wuce aka kwashe gero da dawa, gonakin da ke kewaye da Dalijan sukan koma fili fetal, sai kara da itatuwa jefi-jefi. A lokacin ne gawo yake nuna halinsa. Duk damina yana tsaye tsirara kamar busasshe, sai ruwa ya ɗauke, sauran itatuwa sun fara kaɗe ganye, sannan shi ya tofo nasa. Kafin tsakiyar rani ya fara zubo da 'ya'yansa murɗaɗɗu masu ruwan goro, awaki da tumaki su yi dandazo a gindinsa, suna ci suna zubar da taki. Da damina ta kewayo, nan inda dabbobin suka yi ta wuni nan ne gero ya fi tsayi da kauri, domin gawon ya sake tuɓe ganyensa bai tare masa rana ba, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa irin sinadarin da manomi ke saya a buhun takin zamani.

Wannan gawon yana da masu kallonsa da yawa, kowa da abin da yake gani. Mai gona yana ganin taki da abincin dabba. Mai faskare yana ganin amalanke nawa zai cika. Wani kuma yana zaune a Abuja ko a wani birni na Turai, bai taɓa taka ƙasar Gwandu ba, yana duban hoton tauraron ɗan'adam a kwamfuta yana lissafin kabon nawa ke daskare a jikinsa. Akwai kuma waɗanda ba a jin ta bakinsu, irin ɗan tsuntsun da ya ƙetaro Sahara daga Turai yana tsintar ƙwari a cikin ƙayoyinsa. Abin da masana ke kira kula da daji a yau, idan aka tuɓe masa manyan kalmomi, shi ne raba gardama tsakanin waɗannan.

Sai dai a fara gyara kalmar daji. Wanda ya ji ta a rediyo zai ɗauka kurmi ake nufi, irin na Kuros Riba inda rana ba ta isa ƙasa. A Gwandu da Kalgo ba haka abin yake ba. Dajinmu shi ne itatuwan da aka bari cikin gonaki, da sabara da geza da ke kan tudu da fako, da ɗan abin da ya rage a burtali da bakin fadama, da kukokin da ke tsaye a kufai. Itacen nan da garin Kalgo yake suna ɗaya da shi, wanda ake ɓare ɓawonsa a yi igiya, shi ma yana cikin lissafi. Duk tsarin da aka zana don kurmi aka kawo shi nan, zai zama rigar aro.

Yawanci mun ɗauka itace daga ƙasa yake samun jikinsa. Ruwa da ɗan gishirin ƙasa ne kawai yake ja ta saiwa. Gangar jikin daga iska take. Ganye yana shaƙar iskar kabon, ya haɗa ta da ruwa da ƙarfin hasken rana ya yi sukari, da sukarin nan ake gina reshe da kututture da saiwa. Idan ka busar da itace sarai ka auna, kusan rabin nauyinsa kabon ne. Kowane tan ɗaya na kabon da ke jikin itace kuma ya cinye tan 3.67 na iskar kafin ya samu. Itace ke nan rumbu ne, ana zuba masa iska kaɗan-kaɗan shekara da shekaru. Ranar da aka cinna masa wuta, ko gara ta cinye shi, an fasa rumbun, abin da ke ciki ya koma sama. A ƙasa mai ƙarancin ruwa irin tamu, wani babban kaso na rumbun yana binne, domin itacen da ke jiran ruwa wata bakwai ko takwas dole ya zurfafa saiwa, ga kuma ruɓaɓɓen ganyen da ke baƙanta ƙasar gindinsa.

Dalilin da ya sa duniya ta damu da wannan rumbun ba ɓoyayye ba ne. Kafin zamanin masana'antu, iskar kabon a sararin sama ba ta wuce kashi 280 cikin miliyan ba. Yau ta haura 420, saboda ƙona man fetur da gawayin ƙasa da gas da sare dazuzzuka. Ita ce ke riƙe zafi kamar bargo. Ƙasashe sun ƙulla yarjejeniya a Faris a 2015 cewa za su rage, Najeriya kuma ta bakin Shugaba Muhammadu Buhari ta yi alkawari a taron Gilasgo a 2021 cewa zuwa 2060 abin da take fitarwa ba zai wuce abin da take shanyewa ba. To amma ga manomin Dalijan, wannan amfanin inuwar giginya ne, na nesa ka sha. Kabon da gawonsa ya ajiye yana sanyaya duniya baki ɗaya da ɗan ƙanƙanin abin da ba wanda zai ji a jikinsa, shi kuwa asarar kuɗin iccen da bai sare ba tasa ce shi kaɗai.

Daga nan aka ƙirƙiro kasuwar kabon. Kamfanin da ke fitar da hayaƙi a wata ƙasa ya biya wanda ya ajiye kabon a itace, a ba shi takardar shaida, kowace takarda tana wakiltar tan ɗaya na iskar. A baki abin mai sauƙi ne. Wajen aiwatarwa akwai tambayoyin da dole a amsa. Shin itacen nan da ma ba zai tsaya ba sai don kuɗin? Idan kukar da ke bayan gari shekara ɗari ba wanda ya yi niyyar taɓa ta, biyan kuɗi a kanta bai rage komai a sama ba. Shin zai daɗe? Gobarar daji ta dare ɗaya tana iya mayar da ajiyar shekara ashirin. Sannan wadda ta fi wuyar sha'ani: idan aka killace dajin Dalijan, masu gatari suka koma wajen Kalgo ko Bunza suka sare daidai abin da aka hana su, me aka yi? An dai sauya wa ɓarnar mazauni. Waɗannan ramukan ne suka sa a watan Janairun 2023 jaridar Guardian ta Ingila da Die Zeit ta Jamus suka wallafa binciken da ya ce fiye da kashi 90 cikin ɗari na takardun kare kurmi da Verra, babbar mai tantance su, ta amince da su ba su wakiltar wata ragowar hayaƙi ta gaskiya. Verra ta musanta, amma kasuwar ta girgiza.

Akwai inda abin ya yi aiki. A Humbo ta ƙasar Habasha, ƙungiyoyin manoma sun farfaɗo da tsaunukan da suka kwaile, wajen hekta 2,700, tare da World Vision da Bankin Duniya, kuma kuɗin kabon ya shigo musu. Amma mu yi lissafin namu. A 2020 Martin Brandt na Jami'ar Kwafanhegan da abokan aikinsa sun sa kwamfuta ta ƙirga itatuwa ɗai-ɗai daga hotunan sama a yammacin Sahara da Sahel, suka sami biliyan 1.8 a wuraren da taswira ke nuna kamar babu komai. A 2023 wata tawagar, ƙarƙashin Compton Tucker na hukumar NASA, ta faɗaɗa aikin daga Tekun Atilantika zuwa Bahar Maliya, ta ƙirga biliyan 9.9, ɗauke da kabon tan miliyan 840. Raba ka gani: itace ɗaya ya tashi da kilo 85 na kabon, wato iska wajen kilo 310. A ce an sayi tan ɗaya dala 10. Itacen ya kawo dala 3 ke nan, duk tsawon rayuwarsa, kafin dillali da mai aunawa da mai rubuta takarda su cire nasu. Babban gawo zai ninka haka sau da yawa, gaskiya ne, amma shi ma shekara talatin ya yi yana tarawa. Ɗorawa ɗaya mai kirki tana iya ba mace abin da ya fi wannan a kalwar shekara guda. A ganina kuɗin kabon gyara ne da ake ɗora wa mudu bayan an gama ciniki. Wanda ya zo ƙauye yana sayar da shi a matsayin cinikin kansa, a karanta takardarsa da kyau, musamman layin da ya faɗi shekara nawa za a ɗaure gonar da wanda zai biya idan itatuwan suka ƙone.

Aljihu shi ne mai babbar murya, kuma ba laifinsa ba ne. Mafi yawan tukwanen da ake ɗorawa a ƙasar Gwandu a kan icce ake ɗora su. Ga gidajen burodi, ga masu tsire da balangu, ga masu bandar kifi a Argungu da Yawuri. Ga kuma wani abin da ba a cika haɗa shi da maganar daji ba: shinkafa. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Banki a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, noman shinkafa ya bunƙasa a fadamun jihar, kuma duk samfarerar da mata za su turara a gida kafin a kai inji sai ta ci icce. Da gas ya yi tsada, gidajen birni da suka saba da shi da yawa sun koma gawayi. Gawayi kuwa ɓarnarsa a ɓoye take. A ramin gargajiya da ake rufewa da ƙasa, sai an ƙona kilo biyar zuwa goma na icce kafin a sami kilo ɗaya. Buhun da ka gani jingine a bakin titi, ka ninka shi sau biyar ko fiye a ranka, shi ne abin da ya bar daji. Kuma mai gawayi ba ya son sabara. Ƙirya yake nema da marke, masu nauyi da jinkirin girma, ƙiryar da maƙera da masassaƙan turmi suka dogara da ita, wadda 'ya'yanta ake daddawa da su.

A ɗaya gefen akwai kuɗin da itace ke bayarwa yana tsaye: kalwa da garin ɗorawa, ganyen kuka, tsamiya, aduwa, magarya da kurna, bagaruwar majema, kabar goriba ta tabarma da faifai, zuma, sassaƙen magani, da kaɗe idan aka gangara kudu wajen Yawuri da Zuru. Idan aka tara na shekara goma, itace a tsaye ya fi na kwance daraja nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce na kwance yau yake biya, a dunƙule, ranar da yaro ke kwance asibiti ko aka sa ranar biki. Na tsaye kuwa a tsintsinke yake zuwa, kuma yawanci hannun mata da yara yake shiga, alhali mai yanke shawarar sarewa shi ne maigida. Wannan rabon shi kaɗai ya kayar da ɗorawa da yawa.

Abin da kasuwa ke yi idan ba linzami mun gan shi a kan madobiya. Da masu sassaƙa kujeru a ƙasar Sin suka buɗe mata baki, cikin 'yan shekaru aka yi wa dazuzzukan Taraba da Kogi da wasu jihohi ƙarƙaf. Sai a farkon 2017 ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta sa wa takunkumi, a 2018 kuma aka dakatar da cinikin ta Najeriya. Kafin nan manyan sun riga sun hau jirgin ruwa.

Wurin da mutane da yawa ke kuskure shi ne zaton cewa kula da daji yana nufin hana sara. Makiyayi ya fi kowa fahimtar abin. Yana sayar da bajimi da tsohuwar saniya kowace shekara, garken kuma bai ragu ba, saboda bai taɓa uwayen ba. Daji ma garke ne. Idan abin da aka ɗebe a shekara bai wuce abin da ya tofo a shekarar ba, rumbun kabon yana nan yadda yake, ga icce a murhu, ga kuɗi a aljihu. Sabara da geza da kalgo, ka sare su daidai, sai su sake tofowa daga kututture. Gawo ana sassare masa rassa a ba dabbobi, ya mayar cikin 'yan shekaru, in dai ba a yi masa aski kwal-kwal ba. Maƙwabtanmu na Nijar sun gwada wannan a dajin Geselbodi kusa da Yamai a shekarun 1980, inda aka raba daji kashi-kashi ana sara bi da bi. A 1992 suka yi dokar kasuwannin icce na ƙauye: ƙauye ya riƙe dajinsa, a ƙayyade masa abin da zai sara a shekara, dillalin birni ya zo ya saya a hannunsa, wani kaso na harajin ya tsaya a ƙauyen. Tsarin bai rasa tangarɗa ba, an sha wuce ƙa'ida a wurare da yawa, amma ya sauya abu ɗaya mai girma. A da motar ɗan birni ce ke shiga daji ta kwasa ta wuce, mutanen gari suna kallo.

Yanzu ga masu kallon da ba su magana. Idan kabon kaɗai ake so, dabara ita ce a sami itace mai saurin girma a jera shi layi-layi, turare ko dogon yaro, hekta dubu. A takarda lissafin zai yi kyau. Dogon yaro, a ba shi haƙƙinsa, baƙo ne da ya yi halin kirki. Daga Indiya ya fito, ya jure fari da gara, ya ba garuruwanmu inuwar da ba su da ita, kuma a kwarin Majiya ta jihar Tawa layukansa da aka fara dasawa a 1975 sun tare iska har amfanin gona ya ƙaru. Amma wasu masana tsuntsaye 'yan ƙasar Holan, Leo Zwarts da abokansa, sun shafe shekaru suna bin itatuwan Sahel ɗaya bayan ɗaya suna ƙirga tsuntsayen da ke kai. Suka tarar tsuntsayen da ke zuwa cin rani daga Turai sun taru ne a kan 'yan itatuwan gida masu ƙaya, gawo da danginsa da aduwa, dogon yaro da turare kuwa kusan wayam. Ɗacin da ke korar ƙwari daga ganyen dogon yaro shi ne ke korar mai cin ƙwarin. Daji ne kore shar a hoto, amma shiru kamar maƙabarta.

Wani zai ce ina ruwan talaka da tsuntsun Turai. To ga na gida. Furen kuka da tutun ɗorawa da dare suke buɗewa, jemage ne babban mai kai musu barbara, ƙudan zuma na taimakawa. Jemage da zuma suna buƙatar kogon tsohon itace da furanni iri-iri da za su riƙe su daga wannan wata zuwa wancan. Ka share komai ka bar ɗorawa ita kaɗai, wata rana za ka ga ta yi fure ba kalwa. Shamuwar da ke sanar da mu damina ta kusa a kan manyan itatuwan gari take sheƙa. Ungulun da da ke cika mahauta tana share mushe kyauta, tun 2015 aka sa ta a jerin halittun da ke gab da ƙarewa. Farauta da guba ne manyan masu kashe ta, amma dogayen itatuwan da take sheƙa a kai su ma suna tafiya. Busasshen itacen nan mai rami, wanda mai lissafin kabon ke ganin ya daina ajiya, mai faskare kuma ke ganin ya nuna, a wajen waɗannan shi ne gida mafi tsada a unguwar. Akwai kuma dabara ta tsira a cikin yawan iri. Farin 1973 da na 1984 ba su kashe itatuwa daidai wa daida ba, wasu sun mutu wasu sun jure, kuma gonar da ke da iri goma ba ta taɓa komawa fili gaba ɗaya.

Haka kuma ba kowane fili ne ke jiran itace ba. Fadama aikinta daban, makiyaya aikinta ciyawa. Wanda ya dasa turare a bakin fadama ya sa wa rijiyoyin masu albasa kishiya. Wanda ya kewaye burtali da waya da sunan dashe ya tura shanu cikin gonar wani, kuma mun san inda wannan ke ƙarewa.

Gwamnati ba ta zauna ba. Kebbi tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, mai burin farfaɗo da hekta miliyan 100 daga Senegal zuwa Jibuti kafin 2030, da ajiye kabon tan miliyan 250, da samar da ayyuka miliyan 10. A Bachaka ta ƙaramar hukumar Arewa Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da na Najeriya a 2014, aka kafa masa hukuma a 2015. A ƙarshen 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL a jihohin Arewa 19 da Abuja. Amma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna abin da aka farfaɗo a ainihin zirin ganuwar bai wuce hekta miliyan 4 ba, kashi 4 cikin ɗari. Duk wanda ya taɓa halartar bikin dashen itace ya san dalili. Ana dasawa a Agusta, a yi hoto, a watse. Dashen yana da saiwa tsawon tafin hannu, ga rani na wata bakwai a gabansa, ga akuya. Adadin da ya kamata a riƙa tambaya shi ne nawa suka ga damina ta uku, kuma ba shi ake karantawa a jawabi ba.

Amsar da ta fi gamsar da ni daga Maraɗi ta fito, wurin Hausawa 'yan'uwanmu masu ƙasa da ta fi tamu ƙarancin ruwa. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, bayan ya gaji da dashen da ke mutuwa, ya lura cewa 'yan kurarrajin ganyen da ke fitowa a gonaki, waɗanda ake sassabewa kowace bazara, ba ciyawa ba ne. Tofon tsofaffin kututtura ne, masu saiwar da ta riga ta kai ga danshi shekaru da yawa. Dajin yana nan a ƙarƙashin ƙasa, kai ne ake yanke masa duk shekara. Abin da aka koya wa manoma, wanda suka raɗa wa suna sassabin zamani, ba ya cin ko sisi. Ka zo kan kututture mai tofo goma ko ashirin. Ka zaɓi miƙaƙƙu biyu zuwa biyar, ka yanke sauran. Waɗanda ka bari ka share musu ƙananan rassa zuwa rabin tsayinsu, da wuƙa mai kaifi, kana yankawa daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Wasu kan ɗaura ɗan tsumma don mai wucewa ya san da mai shi. Ƙarfin saiwar da da yake rabuwa gida ashirin yanzu ya koma kan 'yan ƙalilan, sai ka ga a shekara biyu sun wuce kan mutum. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, hotunan sama suka nuna wajen hekta miliyan 5 a Maraɗi da Damagaram sun sake yin itatuwa, kimanin miliyan 200. Ba wanda ya biya su kuɗin kabon. Kabon ɗin ya taru ne a bayan fage, yayin da mutane ke neman icce da harawa da abin tare iska. Kuma da yake abin da ƙasar ta haifa ne ke tofowa, iri-iri ya fito da kansa.

Wuƙa ba ita kaɗai ta yi aikin ba. A da, a Nijar itace na gwamnati ne ko da a tsakiyar gonarka yake, kuma ma'aikacin daji yana iya cin ka tara don ka sare reshe. Mai hankali sai ya kashe tsiron tun yana ƙarami, kada ya girma ya jawo masa hukuma. Da aka sassauta, manomi ya tabbata abin da ya raina nasa ne, sai lissafi ya juya. A nan ne nake ganin namu aikin yake. Ka tambayi dattijo a Dalijan don me bai bar tofon da ke gonarsa ba, zai iya ce maka, “Ɗana, gonar aro ce. In na raini icce, wa zai ci?” Wani ya ce da dare za a zo a sare. Wani ya ce itace matattarar tsuntsaye ce masu cin gero, ko yana hana garmar shanu juyawa. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da yake shirme. Na tsuntsu da na garma ana magance su da sassabe rassa da barin tazara. Na aro da jingina da satar dare kuwa sai an zauna gaban mai gari da hakimi, da Fulanin da ke ratsawa, da matan da ke tsintar kalwa, an faɗa a fili wa ke da itace, wa ke da 'ya'yansa, wa ke da reshen da ya bushe. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa amana a hannun gwamna, amma ba ta sauko ta raba wannan gardamar ta gindin ɗorawa ba.

Kuma ba baƙon tunani ba ne a wannan masarauta. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke Gwandu, ya rubuta littafi sukutum, Ta'alimur Radi, kan hanyoyin da ƙasar da ba mai ita take zama ta wani. Fiƙihun Malikiyya da ya yi aiki da shi ya san hurumin gari, inda jama'a ke itace da kiwo ba mai ikon mallake shi, ya kuma san filin da shugaba ke keɓewa don amfanin kowa. Gandun dajin da Turawa suka shata daga baya da dokokinsu ya zo da wani salo, na hukuma da tara da ɗan sanda, shi ya sa har yau mutane da yawa ke kallonsa a matsayin kayan gwamnati, abin da ake ci idan mai gadi ya juya baya.

Akwai abin da sassabin zamani ba zai iya shi kaɗai ba. Muddin Birnin Kebbi da Jega da Sakkwato suna girki da gawayi, motoci za su ci gaba da fita neman ƙirya, kuma tofon sabara ba zai ƙosar da su ba. Murhu mai tsimin icce yana rage wani abu, tukunyar turara shinkafa da aka gyara mata murhu tana rage wani, gas mai araha zai rage fiye da duka. A nan ne dogon yaro da turare suke da gurbi na gaskiya: ɗan fili a gefen gari, a kan ƙasar da ba ta noma, a dasa su don a sare, su ɗauke wa ƙirya da marke nauyin murhu. Tsohuwar kuka da maɗaci da kanya na bakin rafi a bar su su tsufa har su yi kogo. Tsakanin waɗannan biyun kuma sai gona, inda mafi yawan itatuwan ƙasar Gwandu suke, kuma inda za a iya ƙara su ba tare da an karɓe wa kowa taƙi ɗaya ba.

Ana yanke wannan shawarar ne a watan Afrilu da Mayu, lokacin sharar gona, sa'ad da zafi ya kai maƙura kuma kowa na sauri ya tara sassabe ya cinna wuta kafin ruwan farko. Manoman Maraɗi da yawa sun fara ne da barin kututture kamar 40 a hekta, wasu ma ƙasa da haka don gwaji, a gefen gona inda ba za su ji ciwon asara ba. Shekarar farko abin da ake samu 'yan tsirarun sanduna ne da ganyen da aka bar wa ƙasa. A ta biyu ko ta uku, idan aka zo rage tofon da aka bari, uwargida takan koma gida da damin icce daga gonar mijinta, wanda da sai ta yi tafiyar rabin wuni kafin ta samo shi.